Damanar da Kulu Ta Dafa Rigata

Shekaranjiya hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin bisa Sabon Birni, iska ta kwashe mana tabarma ta kai gidan maƙwabta, daga ƙarshe ko ɗigo bai sauko ba. Amma ni na karɓi saƙon. Da hantsi ya ɗaga na ɗauko gwangwanin kakin zuma na aza ga murhu, na fiddo rigata daga buhu na shimfiɗa ta ga rana. Kulu, matata, tana tankaɗe bakin ɗaki, ta dube ni ta ce tsoho ya tashi aikin shekara. Warin kakin nan da ya fara narkewa ya riga ya maida ni wata damana da ba ni son tunawa, ba ni kuma iya mantawa.

Sunana Ɗanjimma. Kabu-kabu na yi shekara talatin da ɗoriya, daga Sabon Birni zuwa Isa, zuwa kasuwar Bafarawa, zuwa ƙauyukan da ko jaki sai ya yi shawara kafin shi shiga. Karatuna na boko wata uku ne, ajin yaƙi da jahilci, kuma duk wanda ya ga rubutuna ya san wa ya ci yaƙin. In kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da kan babur.

Rigar nan ta girmi ɗiyana duka. Na saye ta hannun wani mai gwanjo da ke kawo kaya daga Maraɗi, riga mai kauri, mai aljihu huɗu, mai zanen ganye-ganye irin ta soja. Lokacin ina saurayi, na ga za ta yi min kwarjini ga 'yan mata. Tsoho Alu, wanda ya koya min tuƙi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ranar da na haɗu da masu rigar na ainihi ga hanya, tsallen kwaɗo za su sa ni daga nan har Isa. Shi ya koya min haɗin da ya rufa min asiri. Kakin zuma, da ɗan baƙin mai wanda anka juye daga inji, da baƙin gindin tukunya. A narka su wuri guda, a shafe rigar da tsumma cikin rana tsaka, a bi ɗinki-ɗinki, a bi ƙarƙashin hammata da bakin aljihu. Shafa uku, zanen ya ɓace, riga ta koma baƙa wuluk, ruwa kuma in ya sauka sai shi gangare awa bisa ganyen gwaza. Doka guda Tsoho Alu ya ba ni, kada ruwan zafi shi taɓa ta har abada. In ta yi laka a bari ta bushe, a kankare da totuwa, a goge da tsumma mai laima. Ko wace shekara kafin ruwan farko a ƙara shafa.

Mutane na ce min ƙazami, amma ba su san aikin da nake wa kayana ba. Takalmin roba kife shi nake bisa turaku biyu saboda kunama, in cusa ƙaiƙayi ciki shi shanye gumi. Hular kwano ina zare soson cikinta ko wace Juma'a in wanke, gilashin gaba in goga mishi busasshen sabulu in share, ba shi yin hazo ko ana ruwa. Safar hannu ta fata man shanu take sha. Baƙin rawanin da nake rufe hanci da baki da shi yana ganin sabulu, ko ba kullum ba. Famfon taya kuma rataye shi nake ga baya da igiya, don hanyoyinmu ƙaya ta fi yashi yawa. Rigar ce kawai ba ta san wanki ba, kuma gaskiya tana da wari. Wari ne na kaki da mai da gumin shekara talatin, mai shiga gida kafin mai shi.

Wanda ya fi kowa shan warin nan shi ne Malam Sanda, mijin yayata Tumba. Malamin allo ne, cikin wani ƙauye bayan Tsamaye wanda ba za ni faɗi sunanai ba, mutanen ciki sun san kansu. Ciwon yana ya rufe mishi ido kaɗan-kaɗan, ni ke ɗauko shi zuwa asibiti in maida shi. Hancinai na bisa bayana tun daga ƙofar gida har mu iso. Kullum sai ya yi tsaki ya ce ko cikin taron Arfa anka jefa ni, da hanci za shi fiddo ni. Ni kuma in ce mishi turare ne na masu hali, malamai ba su san shi ba.

A da, in ƙarar babur ta doshi ƙauye, zuwa ake yi wurinta. Yara su sheƙo, mata su leƙo ta kan darnin kara da saƙon gishiri da kalwa, tun ina nesa ana cewa Mai Baƙar Riga ya iso. Ban taɓa tunanin akwai ranar da ƙarar nan za ta sa uwa ta jefar da ƙwarya ba.

Damana shida ke nan da abin ya faru. Ni na ce biyar, Kulu ta ce shida, kuma ita ce mai gaskiya kullum. Bazarar ta yi tsawo, zafi irin wanda ko ruwan randa sai ka ji shi awa an ɗumama. Ruwan farko ya sauka munka yi shuka, ya ɗauke sati uku, shuka ta ƙone tun tana kunnen kura. Munka sake da irin da anka ɓoye. Sannan sama ta buɗe gaba ɗaya, ruwa yau, ruwa gobe, haki ya taso ya fi gero tsawo. Ga aiki ya yi yawa, ga gonar nesa ba ta zuwuwa, saboda mutanen daji. Bisa babura suke zuwa, uku-uku, da rigunan soja, fuska naɗe da rawani, bindiga rataye ga baya. Kasuwa ta koma awa wurin zaman makoki. Fetur ya yi wuya. Waya kuma ta daina shiga, mutum bai san halin da ɗan'uwanai ke ciki ba sai in wani ya tako da ƙafa ya faɗi.

Gidanmu wuta sau ɗaya ake hurawa a wuni. Kulu ta ajiye tiya ta koma auna gero da gwangwanin madara. Fura ta zama ruwa-ruwa, kana ɗaga ludayi kana ganin gindin ƙwarya. Da rana tafasa da rama, kwaɗo ba ƙuli. Mu ke nan da muke cikin gari.

Mutanen ƙauye sunka fiddo dabararsu. Ba mai zuwa gona shi kaɗai. Gayya ake yi, yau gonar wane, gobe ta wane, ƙauye duka a fita har tsofaffi, don ba a barin kowa baya. Mutum guda shi hau tsamiya da tsohuwar garwa da sanda. In ya hango babur da bai sani ba shi buga, kowa shi yi ta kainai. Mu 'yan kabu-kabu kuma anka ba mu doka. In ka doshi gona ka rage gudu, ka buɗe fuska, ka danna oda sau uku. Ni ban cika damuwa da dokar ba, don baƙar rigata ta fi oda ƙara. Daga nesa na kan tsamiya za shi ce Ɗanjimma ne, a ci gaba da noma.

Wata Talata ina dawowa daga wajen Gatawa na tarar da mutum kwance gefen hanya, ya dafe ciki. Sun harbe shi sun wuce. Wallahi na so in wuce ni ma, hannuna ne ya kama birki ba da shawarata ba. Na aza shi baya, na ɗaure shi ga jikina da rawani. Muna tafiya shina yi min magana ga kunne, wai jakinai na ɗaure tun safe ba a ba shi ruwa ba, in taimaka in faɗa ma wani. Ya maimaita sau uku. Daga nan ya yi shiru, kainai ya yi nauyi bisa kafaɗata. Na san abin da ya faru tun kafin mu kai asibiti, amma na ci gaba da ba shi amsa har ƙofa. Ban san sunanai ba har yau.

Na zo gida na tuɓe rigar na rataye ta ga darni. Bayanta duka jini ne, ya shiga cikin kakin ya zauna. Zazzaɓi ya kada ni kwana uku.

Rana ta huɗu na fito da rarrafe in sha iska. Ina ɗaga kai na ga rigar soja shanye bisa igiya tsakar gidana, hannuwa a buɗe, iska na kaɗa ta. Na ɗauka sun shigo, sun gama da kowa, ɗaya ya tsaya wanki. Sai da Kulu ta fito daga madafa da muciya na gane tawa ce. Ta dafa ta cikin babbar tukunya da toka da sabulu, ta sake ruwa sau huɗu. Shafar shekara talatin ta tafi cikin kwata.

Na fara faɗa da ɗan ƙarfin da ya rage min. Ta bari na gama.

“Malam, jinin mutum ne,” ta ce. “Ƙuda sun hana mu cin abinci, kai kuma kana kwance kana ta ce mishi za a ba jakin ruwa. Mi kake so in yi?”

Ita ma ta tsorata. Baƙa ta samu rigar lokacin da anka kawo ta gidana, ba ta taɓa sanin abin da ke ƙasa ba. Ta ce a ƙone ta. Na ce a bari in samu kaki in maida ta yadda take. Na aika kasuwa, babu. Masu ɗibar zuma sun daina shiga daji.

Ana haka wata mata ta iso da ƙafa daga ƙauyen su Tumba, ƙafafunta duk sun tsage. Ta ce rumbun Malam Sanda ya ƙare kwana huɗu ke nan, ganye kawai suke dafawa, ƙafafun Malam sun fara kumburi. Yaya ba ta aiko ba, ita matar ce ta ga ya kamata a faɗi.

Jarumtakata ta baki ce, kowa ya sani. Na ce zazzaɓi bai sake ni ba. Na ce fetur ba shi kai ni. Na ce a jira ko waya ta dawo. Kulu ta shiga ɗaki ta raba geronmu biyu, ta ɗaure rabin cikin buhu, ta jawo shi har gindin babur. Tumba ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu. Na tashi.

Sauran maganar riga. Ga hadari kullum, ga jikina bai yi ƙwari ba, in ruwa ya dake ni ba riga sai dai a ɗauko ni. Cikin rigar ruwan toka ne, ba zane. Munka yanke in sa ta a juye. Kulu ta ɗaura min maɓallan da kanta, da wuya, don sun koma ciki.

“Ko ruwa ya kai maka wuya kar ka tuɓe ta,” ta ce.

Na ce ni yaro ne?

Na fita da hantsi. Zafi mai ɗanko, iska ba ta motsi, gumi na bin bayana awa tururuwa. Hanyar da na sani da jakuna da mata masu tallar nono, ranar ba kowa. Gonaki dama da hagu haki ya cinye su. Duk kututturen da na hango sai in ga mutum ne tsugune. Addu'ar da na iya ba ta da yawa, na yi ta maimaita ta har ta ƙare min ga baki. Ina wuce Tsamaye gari ya yi duhu, iska mai sanyi ta bugo, ruwa ya sauko awa da bakin ƙwarya.

Akwai rafi kafin ƙauyen, wanda da rani ko kaza na tsallake shi. Na tarar ya kawo, ja wur, shina tafe da karare. Dole in sauke buhu in ƙetare da shi bisa kai, in dawo in turo babur. Na dubi geron nan ruwa na dukan shi, na tuna daga bakin ɗiyana anka cire shi. Maganar Kulu ta fita kaina. Na kama rigar daga kafaɗa na saɓule ta awa mai fiɗar akuya, na lulluɓe buhu da ita. Ruwa ya kai min ƙirji, laka na riƙe takalmi, na kai buhu tudu na dawo. Babur ya fi wuya, sau biyu rafi na neman ƙwace min shi. Da na haye na ɗaure buhu, na yi ta buga kik har inji ya yi tari ya tashi.

Sai na ji ƙara daga cikin daji bayana, tas, tas. Ko reshe ne ya karye, ko tsawa ce daga nesa, ko abin da nake tsoro ne, Allah ya bar wa kainai sani. Na fizgi riga na zura, na naɗe rawani har ƙarƙashin ido na ƙulle shi ga ƙeya, na kifa hular kwano, na rataya famfo ga baya. Duk wanda ya taɓa saɓule jiƙaƙƙiyar riga ya san halinta, juyewa take. Na sa ta a juye daga gida, na saɓule, ta koma daidai. Har na ji maɓallan sun shiga da sauƙi na gode Allah. Idona na ga daji, ban dubi jikina ba.

Ruwa ya koma yayyafi lokacin da na fito fili. Na hango su can gaba, mutane wajen talatin cikin gona guda, sun fito daga gindin itace sun koma noma. Raina ya yi sanyi. Sai garwa ta ɗauka daga kan tsamiya. Ban taɓa jin an buga ta haka ba, awa mai bugun na son fasa ta. Mutane sunka watsar da hauyu sunka zuba da gudu.

Na danna oda. Ruwa ya shige ta, ko kukan ɗan tsako ba ta yi ba. Ni kuma kaina ya gama lissafi, na kan tsamiya ya hango waɗanda ke bayana, masu tas tas ɗin nan sun biyo ni. Ban waiwaya ba, don na ji an ce mai waiwaye shi harsashi ke samu. Na murɗe mai har ƙarshe na bar hanya na faɗa cikin gonar, na nufi inda mutane sunka fi yawa, don in mutu cikin jama'a. Ina ihu su jira ni, rawani ya jiƙe ya toshe min baki. Suna gudu ina bin su. Suna karkata ina karkata.

Wata mata ta jefar da ƙwaryar fura gabana. Wata mai goyo ta faɗi bisa kunya, ta tashi, ta waiwayo ta dube ni. Na san ta, ni na kai ta awo lokacin cikin yaron nan da ke bayanta. Kallon da ta yi min ba a taɓa yi min irinai ba, kuma har yau in zazzaɓi ya kama ni shi nake fara gani.

Bindiga ta tashi daga gefe. Na ji buhu ya girgiza bayana, babur ya zame, na same ni kwance cikin laka, ƙafa guda ƙarƙashin inji, salansa na cin takalmin roba.

Kusa da ni akwai mutum zaune gindin wata sabara, tuluna biyu gabanai. Malam Sanda ne. Sun fito da shi gona shi tsare ruwan sha, kuma da garwa ta tashi ba wanda ya samu damar ɗaukar shi. Shina karanta kalmar shahada a hankali. Da ya kai ƙarshe ya juyo da fuska wajena.

“Bawan Allah, ga ni nan. Ba ni gani, ba ni gudu. Ka fara da ni, ka bar su su yi nisa.”

Na rasa mi yake nufi. Na ɗaga hannu in kama shi, sai na ga hannun rigar. Kore da ruwan ƙasa, ganye-ganye, fes. Na tuna famfon da ke rataye ga bayana. Ba kowa bayana. Ni anka buga ma garwa.

Kafin in yi wani motsi sun kewaye ni, mutum biyar. Gabansu Maidamma, maharbin ƙauyen, wanda na ɗauka bisa babur ɗin nan ya fi sau ɗari. Da rani mutanen daji sunka kashe ƙanenai wajen ɗibar itace, ni na yi jigilar masu gaisuwa. Ya ce in na motsa hannu za su sare shi. Ni kuma hannun nake bukata in kwance rawani. Na buɗe baki, tsumma ya cika shi, muryar ma ta tafi. Abin da ya fito awa kukan akuya da anka shaƙe.

Ɗaya na tambayata mu nawa ne. Ɗaya na cewa a gama da shi kafin sauran su iso, wanga ɗan leƙen hanya ne. Biyu daga cikinsu na da bindiga, amma ruwa ya jiƙa musu albarushi, shi ya sa ba su tashi ba. Adduna ke hannunsu. Maidamma ya ce kowa shi tsaya, nashi ne. Ina kwance ina kallon shi shina ɗura bindigar toka. Ya zuba albarushi daga ƙaho, ya tura tsumma, ya danna da sanda, ya zuba ƙarafa, ya sake dannawa. Bai yi sauri ba. Ina jin yayyafi na sauka bisa hular kwano ɗaya-ɗaya. Na yi tunanin Kulu za ta ce ai ta faɗa min. Na yi tunanin wa za shi gaya mata, tunda waya ba ta shiga. Ya ɗora bakin bindigar daidai inda hula ta ƙare, ga maƙogwarona. Da zafinta, na harbin farko.

“Maidamma, dakata.”

Malam Sanda ne. Ya ɗaga hanci sama awa mai jin ƙamshin tuwo daga maƙwabta. Ya rarrafo cikin laka da kumburarrun ƙafafunai, ana ce mishi shi koma, bai koma ba. Hannunai ya taɓa takalmina, ya hau, ya kama safar hannuna ya kai ga hanci. Sannan ya lalubo wuyan rigar, inda kaki ya yi kauri har tukunyar Kulu ta kasa cinye shi, ya sunkuya ya shaƙa.

“Wanga ba ɗan daji ba ne,” ya ce. “Ƙazamin ƙanen Tumba ne.”

Maidamma ya ce Malam shi kauce, Ɗanjimma baƙar riga gare shi, duk duniya ta sani.

“Kai da ido ka san ta. Ni shekara nawa hancina na cikinta.”

Bindigar ba ta ɗaga ba. Malam ya kwanto da ƙirjinai bisa nawa, kainai ya ture bakin ƙarfen gefe. Ya zare min hula, ya lalubi ƙullin rawani ga ƙeya. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi. Ya yi ta fama da farce, ina jin numfashinai da warin tafasa, har ya sa haƙori. Rawani ya saki.

Maidamma ya dubi fuskata, ya ja da baya taku biyu, ya ajiye bindigar ƙasa a hankali, ya zauna cikin laka. Ni kuma da muryata ta dawo, abin da na fara tambaya shi ne ko waɗanda sunka biyo ni sun koma. Yanzu in an tuna ana dariya. Ranar ba wanda ya yi. Wandona ma ruwan sama ne ya rufa min asiri.

Tumba ta dawo daga cikin dawa, ɗankwali ya tafi. Ta yi ta dukan bayana da tafin hannu tana kuka tana kiran sunan innarmu. Sai ta ga buhun. Harbin ya fasa shi, gero ya zube bisa kunya uku, ruwa na tafiya da shi. Ta sake ni ta durƙusa. Mata sunka dawo ɗaya-ɗaya sunka durƙusa tare da ita, suna kwasar gero da laka cikin zannuwa. A gida sunka wanke shi ruwa bayan ruwa, suna tsince ƙarafan Maidamma daga ciki. Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Mai goyon nan ta gurɗe ƙafa. Mutum biyu ba a gan su ba sai washegari, sun yi nisa ƙwarai. Gonar kuma ba ta sake ganin gayya ba, don jikin kowa ya mutu, haki ya gama da ita. Duk ni na jawo, da buhun taimakona.

Kwana biyu na yi can, ƙafa ta kumbura. Maza sunka ce a ƙone rigar. Malam Sanda ya ce ba ta yi laifi ba, a maida mata baƙinta, ƙauyuka goma sun san ta, in ta tafi da mi za a gane ni? Tumba ta bi gida-gida da wuƙa tana kankare gindin tukwane. Na tsiyayo baƙin mai daga inji. Kaki ne babu. Da hantsin rana ta biyu Maidamma ya shigo, bai yi sallama da ƙarfi ba, ya ajiye wani curin kaki gabana, wanda yake toshe ƙahon albarushi da shi. Munka narka. Na ɗauki gaba da hannuwa. Shi ya karɓi tsumma ya juya ta ya shafe bayan, tun daga wuya har ƙasa, ya koma ya sake, ya koma ya sake.

Ƙauyen yanzu ba kowa, an watse. Malam Sanda ya rasu damana biyu bayan nan, bisa shimfiɗatai, Allah shi jiƙan shi. Tumba na ɗakin baya nan gidana, in babur ya wuce ta titi har yau sai ta ajiye abin da ke hannunta ta saurara. Maidamma na Isa shina tura ruwa. In munka haɗu gaisuwarmu ta kan yi tsawo, gida, iyali, gajiya, ruwa, amma ƙafafuna yake kallo. Ni kuma ba ni wuce bakin gari, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti.

Jiya na gama shafa na shanya. Warin ya cika gida, Tumba ta yi tsaki daga ɗaki irin na mijinta. Kulu ta kakkaɓe gari daga hannu ta zo ta ɗaga rigar ga rana. Ta duba wuya, ta duba aljihu ɗaya-ɗaya, ta buɗe ƙarƙashin hammata. Can cikin ɗinki akwai ɗan wuri kore, bai fi ƙwayar wake ba. Ta ɗora yatsa bisa.

“Nan, Malam. Ƙara.”

Na dangwalo tsumma na ƙara, har sau uku.